Darasi: Ka Taɓa Dabba, Ka Wanke Hannu

Garin Abaji yana kan babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja. Dare da rana manyan motoci suna wucewa da shanu da tumaki da awaki zuwa Kudu. Ranar kasuwa kuma mutanen Yaba da Nuku da Pandagi da sauran ƙauyuka suna kawo dabbobi da kaji. In Babbar Salla ta ƙarato, ko'ina ka duba raguna ne a turke, yara sun kewaye su, wannan ya shafa ƙaho, wancan ya miƙa harawa.

Ba a kara, wato kasuwar dabbobi, kaɗai muke haɗuwa da dabbobi ba. Masu wasa da kura da biri sukan zo gari, jama'a su taru. Makarantu sukan kai yara gidan namun daji da ke Asokoro a Abuja, ko na Audu Bako a Kano. Akwai kuma bikin nunin amfanin gona, inda ake baje shanu da kaji da zomaye don kallo. Duk wannan abin sha'awa ne. Sai dai dabba tana iya ɗauke da cuta alhali tana ci tana sha, gashinta yana sheƙi. Wannan darasi zai nuna mana hanyar da cutar ke bi, da yadda za mu tare ta.

Hanyar da cuta ke bi

Ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Da yawa daga cikinsu a hanjin dabba suke zaune, suna fita tare da kashi. Rago yana kwanciya a kan kashinsa, sai ƙwayoyin su manne a gashinsa. Daga nan su hau igiya da turke da kwanon dusa da shingen da aka jingina. Yaro ya shafa ragon, ya karɓi ƙosai, ya kai baki. Bayan kwana biyu ko uku sai ciwon ciki da zawo, wani lokaci har da jini. Uwa ta yi ta tunanin abin da yaro ya ci, ba ta tuna ragon ba.

Hanyar ke nan: daga kashi zuwa gashi, daga gashi zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Wanda bai taɓa dabbar ba ma yana iya ɗauka, in ya dafa shinge ko ya tako kashi da takalmi ya shiga ɗaki inda jariri ke rarrafe.

Har ƙasashen da ake ganin sun ci gaba abin yana faruwa. A shekarar 2009, a wata gona a Ingila da ake kai yara su yi wasa da dabbobi, mutum 93 suka kamu da zawo mai tsanani, yawancinsu ƙananan yara. Wasu sai da cutar ta taɓa musu ƙoda.

Cututtuka biyar da ya kamata mu sani

*Ciwon saifa.* Dabba tana tsaye lafiya, sai ta faɗi ta mutu farat ɗaya. Baƙin jini ya riƙa fita ta hanci da baki da dubura, ba ya daskarewa, cikin kuma ya kumbura da wuri. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da wannan cuta a wata gona a Gajiri, kusa da Suleja, a jihar Neja mai maƙwabtaka da mu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a jihar Filato, ita ta gwada ta tabbatar. Mutum yana kamuwa in ya feɗe irin wannan dabba, ko ya ci namanta, ko ya taɓa fatarta. A jikin mutum takan fito kamar ƙurji mai baƙin tsakiya wanda ba ya zafi. In aka farke cikin mushen, ƙwayoyin cutar suna shiga ƙasa su yi shekaru da yawa ba su mutu ba.

*Murar tsuntsaye.* A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna. Kaji suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Tana iya kama mai fige su da mai share akurkinsu.

*Haukan kare.* Tana shiga ta cizo ko yakushi. Ba kare kaɗai ke ɗauke da ita ba, kyanwa da biri da sauran namun daji ma suna iya ɗauka. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya rayu. Amma allurar da aka yi da wuri tana hana ta tashi.

*Bakkale da tarin shanu.* Waɗannan ta ɗanyen nono suka fi shiga. Bakkale tana sa saniya ɓari, tana sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi.

Dokoki bakwai a wurin dabbobi

1. Kada a ci, kada a sha, kada a tauna goro a cikin dabbobi. A fita waje, a wanke hannu tukuna.
2. Yaron da bai kai shekara 5 ba, a riƙe hannunsa. Kada a bar shi ya sa yatsa a baki ko ya zauna a ƙasa.
3. Kada a shiga da bulumboti ko kofin jariri ko abin wasansa.
4. Kada a sumbaci dabba, kada a bari ta lashi fuska ko ciwo.
5. Kada a zura hannu cikin keji. Kada a miƙa wa biri abinci da hannu, ko mai shi ya ce ya saba da mutane.
6. Mai juna biyu ta nisanci dabbar da ke haihuwa ko wadda ta yi ɓari. Tsofaffi da marasa lafiya su ma su tsaya nesa.
7. In an dawo gida, a tuɓe takalmi a ƙofa, a canza rigar da ta ɓaci.

Yadda ake wanke hannu

Wata dattijuwa ta je kara da jikanta. Da suka fito, yaron ya nufi mai awara. Ta riƙo shi.

“Tsaya, ɗan nan. Kawo hannunka.”

“Kaka, ai ba datti. Kin gani?”

“Na gani. Abin da nake tsoro ba a ganinsa. Miƙo.”

Ta zuba masa ruwa daga buta, ta ba shi guntun sabulu da ta ƙulle a bakin zane. Ya cuɗa tafi da bayan hannu, ya shiga tsakanin yatsu, ya murza babban yatsa, ya goge ƙarƙashin farce a tafin ɗaya hannun. Ta sa shi ya ƙirga ashirin a hankali kafin ta sake zuba ruwa. Ya yarfe hannu har ya bushe, bai goge a riga ba.

Ku lura da abu uku. Ruwan zubawa ake yi, ba a tsoma hannu a kwano ɗaya da kowa ya tsoma. Ruwa kaɗai bai isa ba, sabulu ne ke ɓamɓare ƙwayoyin. In babu sabulu, a cuɗa da toka mai tsafta, a ɗauraye sosai.

In abu ya faru

In dabba ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15. Kada a shafa ƙasa ko barkono, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

In zawo ya kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari. A lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. In akwai jini a kashi, ko fitsari ya ragu, ko yaro ya yi laushi, a garzaya asibiti. A gaya wa likita cewa yaron ya je wurin dabbobi, da ranar da ya je.

In dabba ta mutu farat ɗaya, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa, kada a sayar wa mahauci don a rage asara. A kori yara da karnuka daga wurin, a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Shi zai nuna yadda za a ƙone ta ko a binne ta a rami mai zurfi.

Aikin masu dabbobi

Sarkin kara da dillalai da masu shirya nuni suna da nasu nauyin. Su ajiye ruwa da sabulu a ƙofar fita. Su raba wurin masu abinci da wurin turaku. Su riƙa kwashe kashi kullum. Dabbar da ke zawo ko tari a ware ta. Makiyaya su kai dabbobinsu allurar rigakafi, mai kare ya yi wa karensa allura duk shekara. Dabbar da aka sayo daga kasuwa a ɗaure ta ita kaɗai kamar mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Nono kuma a tafasa shi kafin a sha ko a kafa kindirmo.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya cuta ke tashi daga dabba ta shiga cikin mutum?
2. Faɗi alamu biyu na ciwon saifa a jikin dabba.
3. Minti nawa ake wanke wurin cizo?
4. Su wane ne ya kamata su tsaya nesa da dabbobi?
5. Cokali nawa na sukari ake sawa a lita ɗaya ta ruwa?

Aikin rubutu

Kwafi wannan jimla sau uku: *Na taɓa rago, zan wanke hannu da sabulu.* Sannan ka rubuta ta da manyan baƙaƙe a kwali, ka rataye kusa da turken gidanku.