Haske da Inuwa: Kimiyyar Ɗaukar Hoton Iyali da na Kayan Sayarwa a Ƙasar Gwarzo

A ranakun Sallah, ko lokacin bikin aure da suna da saukar karatu, da wuya a sami gida a Gwarzo ko Getso ko Kabo da ba a ɗauki hoto ba. Haka nan tela da mai ɗinkin hula da mai sayar da atamfa, yau kusan kowannensu da hoto yake tallata hajarsa ga wanda bai taɓa taka ƙofar shagonsa ba. Sai dai sau da yawa abin da kan fito ba shi ake fata ba. Farar shadda ta fito tas, amma fuskar mai ita ta dushe, idanunsa sun zama ramuka biyu. Ko kuma atamfar da take shuɗiya a shago ta koma wani launi dabam a wayar mai saye. Mutane kan ɗora laifin a kan kyamara, su ce ƙarama ce ko mai arha. A mafi yawan lokuta kuwa matsalar ta haske ce, kuma kimiyya tana da bayani a kanta.

Asalin kyamara

Sunan da Turawa suka ba wannan sana'a daga Girkanci ya fito, ma'anarsa kuwa rubutu da haske. Tun kafin a ƙera kyamara, Alhasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma gani yana samuwa ne idan hasken da ya tashi daga jikin abu ya shiga ido. Ya yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda ke da 'yar ƙaramar kafa, inda hasken abin da ke waje kan ratsa ya bayyana a jikin bango. Kyamara ba wani abu ba ce illa wannan ɗaki da aka mayar ɗan akwati. Abin da ya rage shi ne hanyar kama surar don kada ta gushe, wannan kuwa sai a 1839 Louis Daguerre ya bayyana tasa a Faransa, da faranti mai ruɓin azurfa. Fim ya biyo baya, sa'annan a 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. A da mai hoton ƙauye sai ya cika fim ɗinsa, ya kai birni a wanke, kafin ya san abin da ya ɗauka. Yau a take ake gani. Amma dokokin haske ba su sauya ba ko kaɗan.

Farar riga da baƙar fata

Kowane abu yana shan wani kaso na hasken da ya sauka a kansa, ya mayar da saura. Farin yadi yakan mayar da kimanin kashi 80 cikin 100, baƙar fata kuwa ɗan kaɗan take mayarwa idan aka kwatanta. Idon ɗan Adam da ƙwaƙwalwarsa suna iya ganin duka biyun a lokaci guda ba tare da wata wahala ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa. A cikinta akwai ma'aunin haske wanda aka tsara bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya shi, zai ba da ruwan toka mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100. To, idan dattijo ya tsaya da farar babbar riga da farin rawani, farin ya cika fili, sai ma'aunin ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage abin da ke shiga. Rigar ta fito daidai, fuskar da aka zo dominta ta nutse cikin duhu.

Wannan matsala tana da tarihi. Daga shekarun 1950, masu wankin hoto mai launi suna daidaita injinansu ne da wani kati na kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Wato farar fata ce ma'auni. Abin mamaki, cikin waɗanda kokensu ya sa aka gyara fim ɗin akwai masu sayar da kujerun katako da masu yin cakulan, domin fim ɗin ya kasa bambanta launin wannan katako da wancan a hotunan tallarsu. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fito da kati mai mata uku masu launin fata dabam-dabam. A zamanin waya ma, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Tecno ta karɓu a Afirka shi ne yadda aka daidaita kyamararta da baƙar fata.

Maganin abin ba wuya gare shi ba. Mai kyamara ya auna hasken daga fuska, ba daga riga ba. Mai waya ya taɓa fuskar mutumin a jikin gilashi, ya ɗan ƙara haske har kamanninsa su fito. Abin da bai dace ba shi ne wanda wasu masu shagon hoto suka mayar al'ada, wato goge fuska a kwamfuta har amarya ta yi fari fat, danginta su kasa gane ta. Wannan ɓata tarihi ne, domin jikokin da za su duba hoton nan gaba kakarsu suke son gani, da launinta da zanen fuskarta in tana da shi.

Ranar ƙasarmu

Gwarzo tana kimanin digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana. Ko a Disamba, lokacin da ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana ya kai kimanin digiri 54 daga doron ƙasa. A Landan kuwa a wannan wata kimanin digiri 15 kawai take kaiwa, kuma ko da bazararsu ba ta haura 62. Ke nan shawarar da ke cikin littafin koyon hoto da aka rubuta a Turai ba lallai ta yi aiki a nan ba sai an yi mata gyara.

Idan haske ya sauko daga sama kai-tsaye, ƙashin gira yakan jefa inuwa cikin ido, hanci ya jefa tasa a kan leɓe, hula ko goggoro su rufe goshi. Ga kuma zufa da man shafawa suna ƙyalli a kumatu. Abin takaici, wannan ne lokacin da aka fi ɗaukar hoton Sallah, bayan an sauko daga idi an ci tuwo rana ta take. Da za a yi haƙuri zuwa bayan la'asar, ko a yi sammako kafin hantsi ya dubi ludayi, da hasken ya zo daga gefe ya fito da siffar fuska.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata mai karatu ya riƙe: gwargwadon faɗin inda haske ke fitowa, gwargwadon laushin inuwarsa. Rana babba ce, amma saboda nisanta a wurinmu tamkar ɗigo take, shi ya sa inuwarta ke da kaifi. Idan hadari ya rufe ta, ko hazon hunturu ya bazu, sararin sama gaba ɗaya yakan zama fitila guda mai faɗi. Hazon da ke sa mu tari da kaushi alheri ne ga mai hoto, in dai zai riƙa goge ƙura daga idon kyamararsa.

A ganina babu ɗakin hoton da ya fi zaure. A zaunar da mutum taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa, inda rana ba ta taɓa shi, ya ɗan karkata ga ƙofar. Haske mai laushi zai shigo daga gefe guda. A ɗaya gefen wani yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali domin ya mayar da haske ya cike inuwa. Inuwar darbejiya ba ta kai wannan ba, saboda rana takan ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare. Kada a raina wannan tsari don ba a kashe kuɗi ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya ɗauki mafi yawan hotunansa a tsakar gida, yana rataya zane mai ado a bayan mutane. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Tazara

In dare ya yi aka koma ga fitila, sai wata doka ta shigo. Ƙarfin haske yana raguwa ne da murabba'in tazara: idan nisa ya ninka biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A ɗauka an jera iyali sahu-sahu, fitila tana mita 1 daga na gaba, mita 2 daga na baya. Na baya rubu'in hasken na gaba za su samu. Amma idan aka ja fitilar baya ta zama mita 4 daga na gaba, mita 5 daga na baya, lissafin ya zama 16 bisa 25, wato kusan kashi biyu cikin uku. Da wannan 'yar dabara kowa zai fito.

Ita ma tazarar kyamara da fuska tana da tasiri. Abin da ya fi kusa da ido shi ya fi girma, don haka idan aka kusanto da waya gab da fuska, hanci yakan kumbura, kunnuwa su ƙanƙance. Wani bincike da likitoci suka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yakan ƙara wa hanci faɗi da kimanin kashi 30 cikin 100. A ja da baya zuwa mita ɗaya da rabi ko biyu. In yara ne, mai hoto ya durƙusa daidai tsayinsu.

Hoton haja

Ga ɗan kasuwa, maganar ta wuce ta kyau, ta zama ta amana. Macen da ke Kano ko Abuja ta ga atamfa a WhatsApp, ta tura kuɗi, aka ba direba a tasha. Idan ta kwance ƙunshi ta tarar launin ba shi ta gani ba, an yi asarar ciniki, an kuma yi asarar suna, ko da mai shagon bai yi niyyar ha'inci ba.

Dalili shi ne haske kansa yana da launi. Masana suna auna shi da ma'aunin Kelbin: hasken tsakar rana kimanin 5,500 ne, tsohon ƙwan lantarki mai zare kuwa kimanin 2,700, shi ya sa yake ja-ja. Da yawa daga fitilun zamani masu aiki da batir ko hasken rana suna karkata ga shuɗi. Ƙwaƙwalwarmu tana gyara wannan ba mu sani ba, farar takarda fara muke ganinta dare da rana. Kyamara kuwa kintace take yi, kuma takan ruɗe idan haske iri biyu ya haɗu. Saboda haka a kashe fitilar shago, a fito da haja bakin ƙofa cikin inuwa, a shimfiɗa ta a kan farin yadi. Idan farin ya fito fari a hoto, sauran launuka ma sun kusa daidai. A guji jingina kaya da jan bango, domin jan zai haska a jikinsu.

Aikin allura kuwa da inuwa ake ganinsa. Ɗinkin aska takwas a gaban riga, ko zanen hula, ko furen da ke cikin saƙar shadda, duk tudu da kwari ne ƙanana. Walƙiyar kyamara da ke bugowa daga gaba takan share su su zama shafe. Hasken da ya zo daga gefe, yana shafar yadin a kwance, shi ke fito da kowane zare. Mai sayar da wake ko gyaɗa ya ajiye tiya ko ya ɗebo a tafin hannu, don mai saye ya gane girman ƙwaya. Kuma kada a tallata ɗinki da hoton wanda ya saka shi sai da izininsa, balle matan aure da 'yan mata. Nan ma akwai guraben sana'a ga mata masu hoto, tun da akwai tarukan da namiji ba ya shiga.

Adanawa

Hoton waya tarin ɗigo-ɗigo ne. Domin a buga shi ya fito sarai ana bukatar kimanin ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 yana son ɗigo 1,200 da 1,800. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi ta zubar da wani ɓangare na bayanansa. Wanda ke son bugawa ya nemi a turo masa asalin a matsayin fayil. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, katin ajiya yana lalacewa, don haka muhimman hotunan gida a ajiye su wuri biyu, a kuma buga kaɗan a takarda.

Na takarda ma suna da abokan gaba. Rinin hoto mai launi yana koɗewa idan rana tana dukansa a bango, laimar damina takan manna shi da gilashi, gara kuma ba ta barin kwali. Tsofaffin hotuna baƙi da fari sun fi jurewa, saboda surarsu ta azurfa ce ba ta rini ba. A ajiye su a busasshen wuri nesa da ƙasa. A bayan kowanne a rubuta sunayen waɗanda ke ciki da garin da shekarar, da fensir mai laushi, domin tawadar biro takan ratsa takarda ta ɓullo ta gaba.