Amsa Ga Kafintan Gaya: Yankan Katakon Kusurwa

Tambaya: Na haɗa abin matse firam da kaina, amma kusurwoyin ƙofofina ba sa daidaita. Ina mafita?

Amsa: Ka sani cewa illar, a galibi, tana cikin 'yan katakai huɗun nan da ke rungumar kusurwoyi, domin idan ɗayansu ya kauce wa daraja 90 ko da ƙiris ne, to duk ƙarfin da za ka ɗaure igiya da shi, karkatar zai ƙara tabbatarwa. Saboda haka ka nemi busasshen icce mai tauri, kamar maɗaci ko ƙirya, ka bar giginya duk da yalwarta a Dallol Mauri, gama tsagewa take yi. Kuma katakon da ya ƙetaro gada daga Malanville, ka yi haƙuri ya sha iskar hunturu tukuna.

Ka fitar da huɗun daga gungume guda, ka zana layi da bakin wuƙa, ka bi gefensa da zarto mai ƙananan haƙora, bayan ka huda ɗan rami a inda layukan biyu suka haɗu, don gam ya sami wurin tsiyaya, bakin firam kuma kada ya murƙushe. Don gwada ko kusurwar ta cika daraja 90, hujjar da ma'abota hisabi suka tabbatar ita ce: santimita 3 a wannan gefe, 4 a wancan, lalle tsakaninsu ya zama 5. In ka ɗaure, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta fuska biyu kafin gam ya kama.