Ƙyauren zuciya: a gyara na jiki ko a sa sabo?

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Tasawa da Mayahi, darasinmu na yau a kan zuciya yake.

Zuciya tana da ɗakuna 4 da ƙyaure 4. Kowane ƙyaure yana buɗewa jini ya wuce, sannan ya rufe don kada jinin ya koma baya. Idan ƙyaure ya ƙanƙance ko ya ƙi rufewa sosai, zuciya takan yi aikin da ya fi ƙarfinta.

Daga ina cutar take?

A ƙasashenmu, sau da yawa tushenta ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, musamman ga yara masu shekara 5 zuwa 15. In ba a yi magani ba, bayan makonni kaɗan gaɓoɓi suna iya kumbura, da zazzaɓi. Wannan ciwon yakan taɓa ƙyauren zuciya, ya bar masa tabo. Bayan shekaru sai a ga saurayi yana haki a gona, ko mace ta kasa daka, ƙafafunta suna kumbura.

Hanya ta farko: gyara

Likita yakan ɗinke ƙyauren mutum, ko ya buɗe shi in ya ƙanƙance. Wani likitan Faransa, Alain Carpentier, ya yi suna wajen koyar da wannan aiki. Amfaninsa: mutum ya zauna da abin da Allah ya halitta masa, kuma galibi ba ya bukatar maganin hana jini daskarewa har ƙarshen rayuwa. Illarsa: in cutar ta ci gaba, ƙyauren yana iya sake lalacewa. Kuma wanda ya yi tauri ƙwarai ba ya gyaruwa.

Hanya ta biyu: canji

An yi nasarar sa wa mutum ƙyauren roba da ƙarfe a Amurka a 1960. Yau iri biyu ne.

1. Na ƙarfe. Yana daɗewa ƙwarai. Amma dole a sha maganin hana daskarewar jini kullum, har mutuwa, kuma a riƙa awon jini a kai a kai. Maganin in ya yi kaɗan, jini ya daskare, ana iya samun shanyewar jiki. In ya yi yawa, ko yankan lauje sai ya daɗe yana zubar da jini. Yana kuma iya cutar da ɗan da ke ciki.

2. Na naman dabba, saniya ko alade. Yawanci ba ya bukatar wannan magani na dindindin. Amma yakan tsufa cikin shekara 10 zuwa 15, ga matasa ma kafin haka. Sai a sake aiki.

Yaya za a zaɓa?

Hoton zuciya ne zai nuna ko gyara zai yiwu. Daga nan, sai a gaya wa likita gaskiyar zaman gida. Mutumin Kanambakashe ko Urafan ya tambayi kansa: ina zan riƙa awon jini? Ina da kuɗin mota zuwa Maradi, har lokacin damina? Yarinyar da ba ta haihu ba ta faɗi haka tun kafin aiki, a gaban mijinta ko iyayenta.

Wanda aka sa wa na ƙarfe ya kiyaye: kada ya yi ƙaho, kada ya sha sassaƙe ko maganin ƴan tebur. Zogale, rama da kuka suna iya rage ƙarfin maganin. Ba a hana shi ci ba, amma ya riƙa ci daidai gwargwado, ba yau tuli gobe babu ba.

Rigakafi ya fi sauƙi

Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi gidan likita mafi kusa. Wanda cutar ta riga ta taɓa, ana yi masa allurar penisilin kowane mako 3 ko 4, shekaru da yawa, ko da an yi masa aiki. Kada a yi fashi.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ƙyauren zuciya?
2. Wane ƙyaure ne ke bukatar magani har ƙarshen rayuwa?
3. Me za ku yi in ɗanku ya ce maƙogwaronsa yana ciwo?