Gero da Wake a Gona Ɗaya: Ƙa'idar Haɗa Manhajar 'Yanci da ta Kamfani

Duk wayar Android da mai karatu ya riƙa, a can cikinta akwai wata manhaja mai suna Linux, wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa. A kanta kuma kamfanoni suka ɗora nasu manhajojin da ba su yarda kowa ya ga yadda aka rubuta su ba. To, yaya doka ta bar waɗannan biyu su zauna wuri ɗaya?

Amsar tana cikin lasisi, wato sharuɗɗan da mai manhaja ya gindaya. Mafi shahara shi ne GPL, wanda Richard Stallman na Amurka ya fitar a 1989. Bugu na biyu, na 1991, shi Linux ke bi. Ga abin da ya ƙunsa: ka kwafa, ka gyara, ka ma sayar, amma duk wanda ka ba, sai ka ba shi asalin rubutun manhajar tare da irin 'yancin da ka samu. Ashe ke nan maganar ba ta kuɗi ba ce.

Ni malamin ilmin halittu ne, saboda haka gona zan kai ɗalibai. Manomi kan shuka gero da wake a gona ɗaya, kowanne da saiwarsa, kowanne da girbinsa. Haka idan kamfani ya sa manhajar GPL da tasa a faifai ɗaya ko na'ura ɗaya, kowace tana aikinta daban, sharaɗin bai shafi tasa ba. Amma dubi mangwaron da aka yi wa aure: reshe da gindi sun haɗe, ruwa ɗaya ke bin jikinsu. Idan kamfani ya gutsuri rubutun GPL ya cusa cikin nasa har suka zama jiki ɗaya, to ko dai ya saki duka a ƙarƙashin GPL, ko ya daina rarrabawa. Ainihin inda zaman maƙwabtaka ya ƙare aure ya fara, nan lauyoyi suke ta kai ruwa rana.

Ba kowane lasisi ke da wannan tsanani ba. Na BSD da na MIT sun yarda a rufe, muddin an bar sanarwar masu haƙƙin mallaka. Shi ya sa Sony ya gina manhajar PlayStation 4 a kan FreeBSD.

Sakaci kuwa yana da tsada. A 2003 aka gano cewa na'urar rarraba intanet ta Linksys, WRT54G, da Linux take aiki, alhali ba a saki rubutun ba. Da aka matsa, kamfanin ya saki, kuma daga nan masu sa kai suka ƙirƙiro OpenWrt a 2004. A 2008 gidauniyar da Stallman ya kafa ta kai ƙarar Cisco, mai Linksys a lokacin, kan wasu manhajojinta. A 2009 aka sasanta.