Amsoshin Tambayoyinku: Inshorar Lafiya da Cutar Numfashi

Wata mai sauraronmu daga Batsari ta aiko da tambaya: idan mura mai tsanani, ko kyanda, ko korona ta kama yaro, shin inshorar lafiya za ta biya kuɗin magani?

Hajiya, mun gode. Inshorar lafiya takan biya ganin likita da magungunan zazzaɓi, tari da ciwon haƙarƙari, amma ga wanda ya yi rajista tun kafin ciwo ya zo. A Katsina, hukumar KTSCHMA ce ke kula da wannan rajista. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 kuwa ta ware tallafi ga marasa galihu, ciki har da masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Annoba dai hukuncinta daban. Lokacin korona, gwamnati ce ta ɗauki nauyin cibiyoyin killace marasa lafiya, rigakafin kuma kyauta aka yi shi.

Rigakafin kyanda ma kyauta ne, tun daga wata tara. Iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Safana suna zaune a cunkushe, kuma a cunkoso kyanda ta fi saurin yaɗuwa. A kai yara asibitin unguwa don rigakafi, da katin inshora ko babu kati.