Bindiga da Maɓarnatan Gona: Abin da Za Ka Sani Kafin Ka Fid da Kuɗinka



Kowace shekara in ruwan shuka ya sauka, kuka ɗaya ake ji daga Maijirgi zuwa Tasawa, daga Tasawa zuwa Mayahi. An yi shuka yau, kafin kwana biyu an tone iri. Wani ya ce kusu ne, wani ya ce kurege ne. Wanda ya sake shuka sau biyu ko sau uku sai ransa ya ɓaci, ya ce bana sai ya sayi bindiga.

Wannan darasi domin mai irin wannan niyya ne. Bindiga tana cin kuɗi da yawa, kuma kuskurenta ba ya gyaruwa. Karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Fara sanin ɓarawonka

Je gona da sassafe ka duba sawu da ramu.

Kusun daji da dare yake fita. Yana bin layin shuka yana tone iri rami bayan rami. Cikin macen bai wuce kamar mako uku ba, kuma akwai irin da ke haihuwar ƴaƴa goma ko fiye a ciki ɗaya. Shekarar da ruwa ya dawo bayan fari sukan yi yawa ƙwarai, kamar yadda aka gani a ƙasashen Sahel a 1986 da 1987. Ko ka kashe goma, ɗari suna cikin rami.

Gafiya ma ta dare ce. Tana jidar gyaɗa da hatsi zuwa raminta. Zomo yana cin ganyen wake, yawanci da dare ko da asuba. Jan baki kuwa dubbai yake saukowa kan hatsi da dawa lokacin da ido ya fara cika.

Kurege ne kaɗai yake yawo da rana tsaka, yana tsayawa a fili ka gan shi. Cikin maɓarnata biyar ɗin nan, shi ɗaya ne mai bindiga zai samu ya auna a natse. Riƙe wannan, shi ne tushen darasin.

Bindigogi iri huɗu

1. Bindigar gargajiya ta maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba ta da tsada, amma ba ta da saiti mai kyau, kuma in an cika ɗuri hancinta yakan fashe a hannun mai ita.

2. Bindigar farauta mai lamba 12, mai baki ɗaya ko biyu. Harsashinta yana watsa ƴaƴan dalma da yawa. Aikinta bai wuce mita 30 zuwa 40 ba. Ƙararta tana korar kome, harsashinta kuma yana da tsada.

3. Bindigar iska. Ba ta da albarushi, iska ce take tura ɗan dalma mai faɗin milimita 4 da rabi. Tana kashe kusu ko tsuntsu a kusa, kamar mita 20.

4. Ƙaramar bindiga mai lamba 22. A jikin kwalin harsashinta za ka ga an rubuta 22 LR. Ita ce manoman Amurka da Turai suke amfani da ita kan ƙananan dabbobi masu ɓarna, ita ce kuma ta wasan harbin bara. A kanta za mu tsaya.

Yadda mai lamba 22 take

An fito da harsashinta a Amurka a 1887, har yau kuma ana yin sa. Faɗin dalmarsa milimita 5 da rabi ne da ɗan kai, nauyinta bai kai giram 3 ba. Tana fita da gudun da ya wuce mita 300 a daƙiƙa ɗaya.

A manyan harsasai, abin da ke tayar da wuta yana tsakiyar gindi. A wannan kuwa yana cikin leɓen gindin, a kewaye. In ka ja kunama, wani ɗan ƙarfe ya bugi leɓen, wuta ta kama albarushi. Shi ya sa yake da araha a inda ake yin sa. Amma kwanson da aka harba ya gama aiki, ba a sake ɗura shi. Kullum sai ka sayi sabo.

Cikin hancin bindigar akwai tsaga a murɗe. Ita take juya dalma kamar yadda mazari yake juyawa, sai ta tafi sak. A gasar Olamfik ana harbi da irin wannan bindiga daga mita 50, kuma tsakiyar barar bai fi faɗin farcen ƙaramin yatsanka ba, milimita 10 da ɗan kai. Masu wannan gasa suna sayen bindigogi masu tsada irin na kamfanin Anschütz na Jamus. Akwai kuma na kamfanin CZ na ƙasar Cek, waɗanda mafarauta suka sani da ƙarko. Manomi ba ya bukatar ta gasa. Tana da nauyi, kunamarta ba ta son ƙura, kuɗinta kuma ya fi na sa mai huɗa.

In ka samu izini, ga abin da za ka duba

Na ɗaya, lamba. Lambar da ke jikin ƙarfen ta zama daidai da ta takarda. In an kankare lamba, bar wurin ko da kyauta aka ba ka.

Na biyu, hanci. A tabbatar babu harsashi, a cire makullin baya, sannan ka leƙa ta baya wajen haske. Tsagar ta fito sarai, ba tsatsa, ba rami. Duba bakin kuma. In ya lotsa ko ya tsage, saiti ya tafi.

Na uku, sauƙin gini. Wadda ake ɗura wa harsashi ɗaya ɗaya da hannu ta fi dacewa da ƙasarmu mai rairayi. Wadda ke ɗura kanta tana yawan cijewa in ƙura ta shige ta.

Na huɗu, kunama da makarinta. Kunamar da ke tashi da an taɓa ta kaɗan haɗari ce. Sa makari, ka ja kunama ba harsashi, ka ga ko ya riƙe.

Na biyar, gwaji. Kafa kwali gaban tudun rairayi, ka auna mita 50. Dora bindiga kan buhu, ka harba sau biyar wuri ɗaya. In kwabon dala ashirin ya rufe ramukan biyar ko ya kusa, bindigar tana da kyau. In sun watse kamar faɗin faifai, kada ka saya.

Na shida, madubin hange. Yana kawo abu kusa, amma ba ya gyara hannu mai rawa, ga shi da saurin lalacewa. Ga kurege a mita 40, saitin ƙarfe na jikin bindiga ya isa.

Ka sani kuma dalmar ba ta da nauyi. Iskar hunturu tana kautar da ita. Kuma ta ƙananan dabbobi ce kawai. In ka harbi babbar dabba da ita, rauni za ka yi mata, ta je ta mutu a wahale.

Ina harsashi yake zuwa in ya kuskure?

Ƙarar wannan bindiga kaɗan ce, shi ya sa ake raina ta. Amma dalmarta tana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma tana kashe mutum. In ta bugi fako, ko dutse, ko ruwan tafki, takan yi tsalle ta bi wata hanya dabam.

Dubi ƙasarmu. Shimfiɗe take, gona na manne da gona. In hatsi ya yi tsawo ya fi mutum. Bayan karan nan akwai mace mai tsinkar tafasa, akwai yaro mai yankan ciyawa, akwai makiyayi a burtali. Ba ka ganinsu, su ma ba su ganinka.

Mutanen Maijirgi sun san bindiga tun da daɗewa. A watan Yuli na 1899, Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ƙone garuruwa tun daga Birnin Ƙonni, sun mutu da harbin sojojinsu na kansu, kuma a Maijirgi kaburburansu suke. Bindiga ba ta san mai ita ba.

Saboda haka:
Kada ka nuna bakinta ga mutum, ko da ka tabbata babu kome ciki.
Kada ka sa yatsa a kunama sai ka gama auna bara.
Kada ka harba sama, ko kan itace, ko cikin kara.
Kada ka harba sai da tudun rairayi a bayan abin da kake auna.
A gida, bindiga a kulle, harsashi a kulle wani wuri dabam, nesa da yara.

Abin da doka ta ce

Takarda biyu ce. Akwai izinin riƙe bindiga, wanda yake hannun ma'aikatar cikin gida. Akwai izinin farauta, wanda yake hannun ma'aikatan gandun daji. Ɗaya ba ta tsayawa a madadin ɗaya.

Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta hana farautar dare da fitila. Ka ga ke nan lokacin da kusu da gafiya suke fita, ba lokacin mai bindiga ba ne. Ta kuma kare wasu dabbobi gaba ɗaya, kamar jimina, da raƙuman dawa irin waɗanda aka kai gandun Gadabeji a 2018.

Tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida. Wanda aka kama da bindiga ba takarda, za a karɓe ta, ga tara, ga gidan kaso. Kada ka saya a ɓoye a kasuwa ko a bakin iyaka. Fara zuwa ofishin gunduma a Tasawa ko Mayahi ka yi tambaya tun ba ka fid da ko dala ba.

Abin da ya fi bindiga aiki

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gyara naka wajen tukuna.

Ɗaga rumbu daga ƙasa, ka share ciyawa da tarkace a kewayensa, ka liƙe duk wata kafa. Ka ajiye mussa a gida.

A gona, ku haɗu da maƙwabta ku yi shuka lokaci ɗaya. Gonar da ta riga kowa ita kusu suke taruwa a kai. Tun da rani, kafin ruwa ya sauka, ku yi gayya ku tone ramu da karnuka da sanduna, domin a lokacin ne ba su da yawa. Binne tukunya ko tulu a kan hanyarsu, baki daidai da ƙasa, da ruwa rabi, ka shafa ɗan ƙuli a leɓe. Ga kurege da gafiya, kafa tarko a bakin rami, ka duba shi safe da yamma.

Kada ka kashe mujiya, da shaho, da ƴanyawa. Suna cin kusu dare da rana ba ka biya su ba.

In ɓarnar ta fi ƙarfin gari, ko jan baki ya sauka, a gaya wa malamin gona da wuri, shi zai kai magana ga ma'aikatan kare tsirrai. Kada ka zuba guba da kanka. Kaji da karnuka da yara su ne za su fara samunta.

Tambayoyi domin zaman tattaunawa

1. Wane maɓarnaci ne ya fi cutar gonarka bara? Da dare yake fita ko da rana?
2. Tambayi kuɗin bindiga da na takardunta da na harsashi 50. Tiya nawa ta hatsi ke nan? Tiya nawa kurege ya ci maka bara? Rubuta lissafin a littafinka.
3. Tsaya a tsakiyar gonarka ka dubi gabas, yamma, kudu da arewa. Cikin kilomita ɗaya da rabi, gida nawa, rijiya nawa, hanya nawa?
4. Wace rana garinku zai sa domin gayyar tone ramu?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga tsautsayi.