Rufin aji a wuyan wa yake?

Wasiƙar da ta buɗe shirin amsa tambayoyi ta fito ne daga wata uwa a Samaru. Ta ce iska ta yaye kwanon ajin ɗanta tun farkon damina, yara na zaman ƙasa a kan buhun siminti, amma kullum ana cewa ilimi kyauta ne. "Malam, to ina kuɗin yake shiga?"

Mai gabatarwa bai yi mata kwana-kwana ba. "Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri," in ji shi, sannan ya warware mata zaren. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin wannan kaso na gina azuzuwa da sayen benci ne, sai dai jiha ba ta taɓa shi sai ta ajiye nata daidai wa daida. Jihar da ta yi nawa, kuɗinta na kwance a Abuja, ruwa na zuba kan allo. Saboda haka maganar rufi a Kaduna take, wurin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, har da ta Sabon Gari, inda Samaru take.

Wani dattijo daga Muciya ya tambaya ko korar malamai ta gyara lamarin. Mai gabatarwa ya tuna masa cewa a 2017 gwamnatin Kaduna ta Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, sama da 21,000 suka faɗi, aka sallame su, aka ɗauki sababbi. "Amma Baba, malami komai iyawarsa, ya zai yi da ajin da babu masaka tsinke?" Shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 ya jawo yara tururuwa, gine-gine ba su bi sawu ba.

A nan ya ɗan ɗaga murya. Samaru ce ke riƙe da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, a nan ake horar da malamai, duk da haka mai hali makarantar kuɗi yake kai ɗansa. A ganinsa a riƙa rabon kuɗi bisa yawan ɗalibai, a kuma liƙa abin da kowace makaranta ta samu a ƙofar ofishin hedimasta. Ya shawarci Hajiyar ta nemi kwamitin kula da makarantar, su rubuta koke da hoton ajin, su kai wa sakataren ilimi na Sabon Gari, su riƙe kwafi mai hatimi.